Wa Ke Cin Girkin Mai Ludayi?

Takarda guda ce tal, da hatimin masana'antar kwali a ƙasanta, amma sai da Mai Ludayi ta sa aka karanta mata ita sau uku. Ba rashin iya karatu ba ne. Ita dai magana ba ta shigarta sosai sai ta bi ta kunne, balle irin wadda ke neman raba mutum da abincinsa.

"Sake karanto mini, Difloma. A hankali, ba jirgi za ki hau ba."

Difloma 'yar ƙaninta ce, mace mai 'ya'ya biyu, wadda ta yi makarantar koyon girki har ta fito da takardar shaida, ta sa takardar a gilashi ta rataye a bangon kicin kusa da agogo. Tun daga ranar sunanta na gaskiya ya bi ruwa. Ta gyara tsayuwa ta sake karantawa. Ma'aikata sun kai kuka kan abincin rana. Na ɗaya, miya tana tsami. Na biyu, yaji ya yi yawa. Na uku, kifi yana zuwa da ƙaya. In ba a ga gyara ba zuwa ƙarshen wata, Manaja zai miƙa kwangilar ga wani kamfani.

Kwangilar nan ita ce ƙashin bayan kicin ɗin. Baki ɗari uku da arba'in, kwana shida a mako, shekara tara ke nan. Girkin taro da na walima sukan zo su wuce, amma masu kwali ne ke sa a kunna murhu shida tun ƙarfe biyar na safe, su ne kuma dalilin da mutum tara ke tasowa daga gidajensu su zo su fere albasa, su wanke shinkafa, su goge tebur. In kwangilar ta tafi, sai a rufe ƙofa kowa ya kama gabansa. Mai Ludayi ta san wannan sarai, gabanta kuma ya faɗi. Sai dai abin mamaki, tsoron bai daɗe ba son sani ya ture shi gefe, don dama ita mace ce da tambaya ke hana ta sukuni fiye da yunwa.

"Wa da wa suka sa hannu?"

"Mutum arba'in da ɗaya, Gwaggo. Na farko Dogo, mai injin yanka."

"Dogo? Dogo nawa?" Ta ajiye wuƙar da ke hannunta. "Mutumin da shekara tara yake roƙona ƙarin yaji? Wanda yake tauna ƙashin kaza har ka tausaya wa karen unguwarsu? Shi ne yau ƙayar kifi ta dame shi?"

"Makirci ne kawai," in ji Difloma. "Manyan kamfanonin nan ne suke zuga su. Ai na gaya miki abin da aka ce a taron ƙungiya."

Ta gaya mata, ba sau ɗaya ba. Difloma ce ke wakiltarsu a taron ƙungiyar masu girkin kwangila, kullum kuma takan dawo da labari mai tayar da hankali. A layinsu da kicin bakwai ne irin nasu, yanzu saura uku. Wai kasuwar sai girma take, don mutane sun daina komawa gida cin abincin rana, ofisoshi da makarantu da asibitoci duk suna neman mai ciyar da su, amma ƙananan masu girki sai ƙanƙancewa suke. Babban kamfani zai gina kici ɗaya kamar filin ƙwallo, inji ya fere albasa ba wanda ya zubar da hawaye, a dafa, a sanyaya, a like, a loda a motar sanyi, can a ɗumama. Nan da shekara biyar, a cewar Difloma, duk wanda ba shi da motar sanyi da takardun duba tsafta sai dai ya koma dafa wa 'yan gidansu.

Mai Ludayi takan saurara da kunne biyu, don labarin injin albasar yana burge ta. Amma yau ta girgiza kai.

"Kamfani zai iya saya wa mutum baki, ban musa ba. Amma wa zai zauna ya ƙirƙiro ƙayar kifi? Ruwa ba ya tsami banza, 'yar nan, balle miya."

Da can ba ta buƙatar takarda kafin ta san halin da masu cin girkinta ke ciki. Farantai ke gaya mata. Ƙarfe uku Direba yakan dawo da su cikin manyan bahunan roba, ita kuma ta kafa doka kada kowa ya kankare ko ɗaya sai ta duba. Takan tsaya a wurin wanke-wanke tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. In an ture karas gefe, bai nuna ba. In shinkafa ta rage miya ta ƙare, an yi rowar miya. Farkon wata farantai kan dawo da saura, don aljihu da nauyi an yi karin kumallo mai kyau. Ƙarshen wata sukan dawo fes kamar an wanke. Amma wata huɗu da suka wuce masana'antar ta mayar da ɗakin cin abinci sito, aka ce daga yanzu a zuba wa kowa nasa a roba mai murfi, ya ci a inda ya samu wuri. Tun daga nan Direba ke dawowa da mota wayam, Mai Ludayi kuma ta zama tana girki a makance.

Difloma ta ɗauko littafinta. Kullum kafin mota ta tashi takan soka tsinken auna zafi a cikin robobi uku ta rubuta, Direba ma yakan auna in ya isa. Tafiyar minti ashirin da biyar ce. Abincin yana isa da zafinsa sha biyu da rabi, ana hutu ƙarfe ɗaya.

"Miya ba ta tsami cikin awa ɗaya, Gwaggo. Ko a littafi babu."

"To bari mu tambayi miyar."

Washegari ta sa aka zuba robobi shida fiye da ƙa'ida, ta jera su a kan shiryayye kusa da murhu inda akwai ɗumi. Duk awa sai ta buɗe ɗaya, ta sansana, ta ɗanɗana. Masu aiki suna kallonta suna ƙunshe dariya, babbar mai fere albasa har ta tambaya ko Gwaggo ta koma makaranta ne a ɓoye. Ƙarfe ɗaya lafiya lau. Ƙarfe biyu, uku, haka. Ƙarfe huɗu tumatirin ya fara wani ɗan sauyi da sai harshe irin nata ne zai kama. Ƙarfe biyar murfin ya yi gumi. Ƙarfe shida tana buɗewa ta mayar ta rufe.

Ta zauna a kan buhun shinkafa tana juya robar a hannu. Ashe ba ƙarya suka yi ba, miyarta tana tsami. Amma wane irin mutum ne ke cin abincin rana ƙarfe shida na yamma?

Gani ya kori ji. Ranar da ta biyo baya ta cire rigar girki ta shige gaban mota kusa da Direba, wanda ya yi ta kawar da takardu da bawon gyaɗa daga kan kujera yana ba da haƙuri. Rabonta da masana'antar ya kai shekara biyu. Mai gadi ya gane ta, ya gaishe ta har da cire hula. Aka sauke robobin a kan dogon tebur a bakin sito, ita kuma ta samu inuwa ta zauna kamar mai jiran wani.

Ƙarfe ɗaya jiniya ta yi kuka, injuna suka yi shiru, mutane suka fito da ƙurar takarda a gashin ido. Kowa ya ɗauki robarsa. Samari suka zauna a kan tarin katako suka cinye tas suna hira. Amma manyan magidanta, ta lura, kowa sai ya ɗan juya baya. Ɗaya ya buɗe, ya ci cokali biyar ko shida na shinkafa, bai taɓa nama ba, ya mayar da murfi ya danna gefe huɗu. Wani ko buɗewa bai yi ba, ya sha ruwa kofi biyu ya koma ciki da robarsa a hammata. Ta bi su da ido har ƙofar ɗakin canza kaya, inda akwatunan ƙarfe ke jere jikin bangon da tukunyar tururin masana'antar ke bayansa.

Da hutu ya ƙare ta zagaya bayan sito wurin shara. Wani dattijo mai shara ya same ta ta ɗage murfin durom tana leƙawa.

"Mama, wani abu kika yar?"

"Robobina nake nema, Baba. Ɗari uku da arba'in na kawo. Nan ko ɗari da hamsin ba su kai ba. Ina sauran?"

Dattijon ya dogara da tsintsiyarsa ya dube ta, ya dubi ofis a can sama.

"Ni abin da ke ƙasa nake sharewa," ya ce. "Abin da ke cikin jaka ba aikina ba ne."

Ta aika aka kira mata Dogo. Ya fito yana goge hannu da tsumma, dogon mutum ramamme mai furfura a gemu, yana ganinta ya tsaya cak kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Tashi, tashi. Ba faɗa na zo ba, tambaya na zo. Ina robarka ta yau?"

"Tana ciki, Mama."

"Ka ci?"

"Na taɓa."

"Wa zai ƙarasa?"

Ya murza tsumman. Sannan ya sauke murya ya gaya mata. Yara huɗu ne a gida. Kayan abinci sun yi tsada, albashi kuma yana nan inda yake. Lokacin faranti ba yadda za ka yi, sai ka zauna ka cinye naka ko da ka san a gida ruwan miya ba nama. Amma da roba ta zo da murfinta, wani ya fara, sauran suka bi. Yanzu fiye da rabinsu tafiya suke yi da shi. Ƙarfe biyar da rabi ake tashi, kafin ya kai gida shida ta wuce, yaran suna bakin ƙofa suna jiran jaka.

"Autata shekararta huɗu. In ta ci sai ta yi ta hura baki tana hawaye, amma ba za ta bari ba. Makon jiya kuma ƙaya ta tsaya wa yayanta a maƙogwaro, sai da muka kai shi kemis. To da aka zo da takardar jin ra'ayi aka ce kowa ya faɗi abin da ke damunsa da abincin, na faɗa. Wallahi Mama ban san za a kai ta har ga kwangila ba."

"Tsamin fa?"

"Wani lokaci in ya ɗan juya, uwarsu takan sake tafasawa."

Nan ne ranta ya ɓaci, ɓaci na gaske.

"Sake tafasawa! Dogo, da girmanka? Miyar da ta yi awa biyar jikin tukunyar tururi kake ba 'yar shekara huɗu? So kuke ku kwantar mini da yara a asibiti da hannuna? Me ya hana ka zo ka same ni? Ƙofar kicina a rufe take?"

"Kunya, Mama." Ya sunkuyar da kai. "Kuma akwai doka. Abincin kamfani ba ya fita ƙofa. Mai gadi kawar da kai yake yi, don shi ma yana tafiya da nasa. In Manaja ya ji, za a fara caje jaka, mu da muka sa hannu kuma ba mu san abin da zai same mu ba. Don Allah ki rufa mana asiri."

Ta shiga mota suka kama hanyar komawa. Fushin ya sauka tun kafin su kai shataletale, wani abu ya maye gurbinsa. Wata huɗu tana girki wa mutanen da ba ta taɓa gani ba, tana auna musu yaji irin na ƙarti masu ɗaga kwali. Su nawa ne? Shekarunsu nawa? Suna son karas? Ta ji tana son ganin fuskokinsu, ta ga yadda suke raba cinyar kaza ɗaya tsakanin mutum huɗu.

Da ta ba Difloma labari, Difloma ta tafa hannu don murna.

"Alhamdu lillahi! Shi ke nan mun fita. Ga littafina, ga abin da kika gani da idonki. Mu je wurin Manaja gobe. Laifin ba namu ba ne."

"In mun gaya masa, sai me?"

"Sai ya hana fita da abinci, koke ya ƙare."

"Yaran fa?"

Maganar ta soki Difloma. Ita ma uwa ce. Amma ta sake cewa, cikin sanyin murya, mutum tara ne a nan, Gwaggo, su ma da nasu yaran. Kuma kamfanin da ke neman kwangilar ta san tsarinsa: tire a like, a ɗumama a wurin, a ci cikin rabin awa, a tattara tirarrukan a ƙirga. Ko ƙwayar shinkafa ba ta fita. In suka yi shiru aka ƙwace kwangilar, yaran sun rasa, su ma sun rasa.

"Gaba kura baya sayaki ke nan," in ji Mai Ludayi. "To tunda kiɗa ya canza, bari mu canza rawa mu gani. Saura kwana nawa?"

Saura kwana goma sha shida, kuma a cikinsu kicin ɗin ya koma wurin gwaji. Aka nemo roba mai ɗaki biyu. Ɓangare ɗaya na abu mai ruwa, wanda dole a ci nan take, ɗayan na abu busasshe mai jure jira. Aka daina jiƙa shinkafa da miya. Kaza sai an soya ta ta bushe, dankali a gasa, ƙwai a dafa a bar shi cikin ɓawonsa. Kifi sai mai tsoka, an zare ƙayar da hannu, aikin da ya sa masu aiki suka yi ta gunaguni har da cewa Gwaggo ta mayar da su likitocin tiyata. Yaji aka ƙulla shi daban a 'yar leda, mai so ya barbaɗa. Kowane sabon girki sai ya yi zaman shiryayye har ƙarfe shida kafin ta yarda da shi. Ta kuma aika wa Dogo saƙo ta bakin Direba: na ruwan a ci a wurin aiki, don mai ɗaga kwali da yunwa injin zai ci masa yatsa, busasshen a nisanta shi da bangon tururi.

Koke ya tsaya cak. Amma takarda ta riga ta shiga ofis, abin da ya shiga ofis kuwa ba ya fita sai an zauna a kansa.

Ranar ƙarshen wata suka hau bene su biyu. Manaja matashi ne mai tabarau, ba mugu ba, irin mutanen da ke son kowace tambaya ta samu amsa a layi ɗaya. Ya ba su kujera, ya sa aka kawo ruwa. A kan teburinsa akwai ƙasida mai ƙyalli ta babban kamfanin, da hoton mutane cikin fararen kaya suna murmushi. Difloma ta miƙa masa littafin auna zafi, ya duba shafi shafi.

"Mama, na ga an samu gyara, na kuma gode. Amma akwai abin da ya tsaya mini." Ya ɗora yatsa a kan littafin. "Wannan ya ce abinci yana isowa lafiya kullum. Mutanena arba'in da ɗaya sun ce yana tsami. Duka biyun ba za su zama gaskiya ba. In littafin ƙarya ne, ba zan iya ci gaba da ku ba. In mutanena ne suka haɗa baki suka yi ƙarya, ko akwai wani abin da suke yi da abincin, ina so in sani, don zan hukunta. Wanne ne?"

Difloma ta juyo ta dube ta. Mai Ludayi tana jin idon a gefen fuskarta. Amsar tana kan harshenta, gajeriya, gaskiya, wadda za ta wanke ta tas. Shekara talatin da ɗaya tana riƙe da ludayi, ba a taɓa dawo mata da tukunya ba, ba a taɓa cewa wani ya kwana da ciwon ciki saboda ita ba. Ba ta da motar sanyi, ba ta da ƙasida mai ƙyalli. Hannun nan da harshen nan su ne kaɗai abin da take da shi.

"Littafin gaskiya ne, ranka ya daɗe," ta ce. "Mutanenka ma gaskiya suka faɗa. Tsinken 'yar nan zafi yake aunawa, ba ya ɗanɗano. Ni ce. Tsufa ne ya zo. Harshena ya dushe, hannuna ya yi nauyi. Sai in zuba yaji in manta na zuba, tumatir ya fara juyawa in kasa ji. Gyaran da ka gani, ita ce ta yi."

"Gwaggo!" in ji Difloma.

"Ki yi shiru, manya na magana."

Manaja ya cire tabarau ya goge. Ya samu amsarsa a layi ɗaya, har ya ji tausayi. Ya ce ba kowa ne zai faɗi haka a kan kansa ba, yana kuma girmama ta. Zai sabunta kwangilar shekara ɗaya, amma da sharaɗi, kuma za a rubuta shi. Daga gobe mai takardar shaida ce za ta tsaya a kan tukunya. Kowane girki a rubuta shi, komai a auna a sikeli, a kawo masa kwafi. Mama ta huta haka nan, ta riƙa kula da sayayya in tana so. Jami'in duba tsafta zai riƙa leƙowa ba sanarwa.

Ta ce ta yarda. Ta sa hannu a inda ya nuna mata.

Difloma ta yi kuka a mota tun daga ƙofar masana'anta har kicin, kukan haushi. Ta ce ba ta yi makaranta don ta ƙwace wa gwaggonta murhu da ƙarya ba. Ta ce gobe duk layi za su ji Mai Ludayi ta tsufa, masu neman girkin walima za su fara tambaya wa ke dafawa. Mai Ludayi ba ta musa ba, don ta san haka za a yi. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ciwon da ba ta zata ba, kamar ta binne wani nata da rai. Sai dai ta bar shi a ciki.

Da yamma, bayan masu aiki sun tafi, Difloma ta wanke fuska, ta ɗauko sikeli daga cikin kwalinsa da sabon littafi. Dole kafin gobe a rubuta girki shida.

"Shinkafar babbar tukunya, gishiri nawa kike sawa?"

"Hannu uku."

"Manaja ba zai karɓi hannu ba, Gwaggo. Giram yake so."

"To ni ina na sani? Kawo abin nan mu gani."

Duk da halin da take ciki, sai da ta matso da kujera. Ba ta taɓa tunanin hannunta yana da lamba ba. Ta cusa shi a buhun gishiri yadda ta saba, ba tare da ta duba ba, ta zuba a kan farantin sikelin. Jajayen lambobi suka yi rawa suka tsaya.

"Arba'in da biyu," in ji Difloma. "Sake, don mu samu tsaka-tsaki."

Aka juye, ta sake ɗiba. Arba'in da biyu.

Difloma ta ɗaga sikelin ta duba ƙasansa, ta kashe ta kunna. Mai Ludayi ta rufe ido, ta juya kai wajen bango, ta ɗiba na uku ta saki.

Arba'in da biyu.

Difloma ta riƙe biro a sama. Mai Ludayi ta daɗe tana kallon tafin hannunta, ta juya bayansa, ta sake juyowa, da 'yan ƙwayoyin gishiri maƙale a cikin layukansa. Sannan ta kakkaɓe shi a jikin zane.

"Rubuta," ta ce. "Amma ki rage biyar a kowane hannu. Yara ne ke ci."